Umaru Musa 'Yar'aduwa: Malamin kimiyyar da ya nemi sulhu da masu ƙasar mai

Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa bai cika shekaru uku a kan kujerar shugabancin Nijeriya ba, kuma kusan watanni shida na ƙarshe a kan gadon jinya ya yi su.

Duk da gajartar wa'adin nasa, da wuya a yi zancen rikicin yankin Neja Delta mai arzikin mai, ko a yi zancen samar da wutar lantarki daga iska a arewacin ƙasar, ba tare da an ambaci sunansa ba.

A batu na farko ya samu nasarar da ko abokan hamayyarsa ba su musanta ba. A na biyun kuwa, abin da ya bari ya fi kama da harsashin ginin da magini ya tafi ya bari.

Tasowarsa

An haifi Umaru 'Yar'aduwa ne a birnin Katsina ranar 16 ga watan Agustan 1951, a gidan da ya haɗa sarauta da siyasa.

Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Mutawallen Katsina, shi ne ministan harkokin birnin Legas a Jamhuriya ta Farko. Wansa kuma, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ne na biyu a gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo daga 1976 zuwa 1979.

Ya fara karatu a makarantar firamare ta Rafukka a 1958, sannan ya koma firamaren kwana ta Dutsin-Ma. Daga nan sai Kwalejin Gwamnati ta Keffi, sai Kwalejin Barewa ta Zariya, kafin ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, inda ya karanta kimiyyar sinadarai da fannin koyarwa. A jami'ar ne kuma ya yi digirinsa na biyu a kan nazarin sinadarai.

Bayan ya yi wa ƙasa hidima a wata makarantar sakandare a Legas, ya ci gaba da koyarwa a manyan makarantu har zuwa 1983, lokacin da ya ajiye alli ya koma Funtuwa a matsayin babban manajan gonar Sambo.

Abin da ya fi jan hankalin jama'a game da shi a wancan zamani shi ne siyasarsa. Mahaifinsa jigo ne a jam'iyyar NPN mai mulki, amma shi ɗan ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa masu sukar irin gidan da ya fito. Waɗanda suka san Katsina ta wancan lokacin sun san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwamnan Katsina

A 1991 ya tsaya takarar gwamnan jihar Katsina a ƙarƙashin SDP, amma Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Wansa Shehu ya rasu a gidan kurkukun Abakaliki a watan Disambar 1997, zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Da aka koma mulkin farar hula a 1999, Umaru ya ci zaɓen gwamna a ƙarƙashin PDP, aka kuma sake zaɓarsa a 2003.

An san shi da riƙon kuɗin gwamnati, har wasu na yi masa kallon mai ƙoro. Ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a, abin da takwarorinsa gwamnoni ba su saba yi ba. Ya ba gyaran makarantu da asibitoci da hanyoyi fifiko, kuma a 2006 ya kafa jami'ar jihar, wadda daga baya aka sanya mata sunansa. A zamaninsa ne aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, kuma a shekarar ce ciwon ƙoda ya kai shi jinya Jamus.

Iskar Lambar Rimi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Kankiya da Charanchi, zai hango wasu dogayen turaku ɗauke da manyan fankoki a Lambar Rimi, kimanin kilomita 25 kafin a shiga birnin Katsina.

Wannan ita ce tashar samar da lantarki daga iska wadda gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙirƙiro da tunaninta a 2005, a lokacin da kusan babu wani gwamna a Nijeriya da ke maganar makamashin da ba ya gurɓata muhalli.

Dalilin dai a fili yake. Wutar da ake sha a Katsina daga nesa take zuwa: daga madatsun ruwan Kainji da Jebba da Shiroro, da kuma tashoshin iskar gas na kudu. Sai ta ratsa Kaduna da Kano, ta biyo ta Kankiya, kafin ta iso. Wanda ke ƙarshen layi kuwa shi ne na farkon rasawa duk lokacin da wuta ta yi ƙaranci. Alhali jihar na cikin sassan ƙasar da iska ta fi kaɗawa, musamman a lokacin hunturu, ga kuma rana da ba ta yankewa.

An tsara tashar ne ta riƙa ba da megawat 10, daga injuna 37 da kowane ɗaya ke samar da kilowat 275. Kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa ne ya ƙera su, kuma irin waɗanda ake iya kwantar da turakunsu ƙasa ne idan za a yi gyara ko guguwa ta taso.

Megawat 10 ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka auna da buƙatar ƙasa baki ɗaya. Amma ga mai injin niƙa, da mai walda, da asibitin da ke ajiye allurar rigakafi a cikin firji, wuta ce mai amfani. Haka kuma tashar za ta iya zama makaranta, inda matasan jihar za su koyi harhaɗa injunan da kula da su, sana'ar da a wancan lokacin babu inda ake koyar da ita a aikace a ƙasar.

Bayan da ya zama shugaban ƙasa, gwamnatin tarayya ta karɓi aikin daga hannun jihar. Sai dai bai rayu ya ga fanka ko ɗaya tana juyawa ba.

A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka kai hari gidan da ma'aikatan kamfanin ke zaune a garin Rimi, suka sace wani injiniya Bafaranshe. Ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhakin harin, kuma sai a watan Nuwambar 2013 ne mutumin ya kuɓuta daga hannunsu a Zariya. Aikin ya tsaya cik. Shekaru 15 bayan fara maganarsa, ana ta sanya ranar ƙaddamarwa ana ɗagawa.

Hawa mulkin ƙasa

A watan Disambar 2006 jam'iyyar PDP ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa da goyon bayan Shugaba Obasanjo, ta kuma haɗa shi da gwamnan Bayelsa, Dakta Goodluck Jonathan, ɗan ƙabilar Ijaw daga tsakiyar yankin mai.

Hukumar zaɓe ta ce ya samu kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa ranar 21 ga watan Afrilun 2007. Wanda ya zo na biyu shi ma ɗan jihar Katsina ne, wato Janar Muhammadu Buhari na ANPP.

Masu sa ido na ciki da wajen ƙasar sun yi tir da zaɓen. Shi kansa, a jawabinsa na rantsuwa ranar 29 ga watan Mayu, ya amince cewa an samu kurakurai, daga baya kuma ya kafa kwamitin gyaran dokokin zaɓe a ƙarƙashin tsohon babban jojin ƙasar, Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen nasa a watan Disambar 2008, alƙalai huɗu suka amince, uku suka ƙi.

Wata guda bayan hawansa ya sake bayyana kadarorinsa, waɗanda suka kai kimanin naira miliyan 856. Ya rage kuɗin litar fetur daga naira 75 zuwa 70, daga baya zuwa 65. An kuma warware cinikin matatun mai na Kaduna da Fatakwal da gwamnatin da ta gabata ta ƙulla ana gab da miƙa mulki.

Alkawarin wuta

Wutar lantarki ce ta farko a cikin ƙudurori bakwai da ya ce gwamnatinsa za ta sa a gaba. A nan ne kuma aka fi sukarsa, kuma sukar na da tushe.

A farkon 2008 ya bayyana cewa an kashe dala biliyan 10 a kan wuta a zamanin gwamnatin da ya gada ba tare da an ga sakamako ba. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Ndudi Elumelu, aka yi ta tone-tone a talabijin. A halin da ake ciki kuma, kuɗin gina sababbin tashoshin iskar gas da aka riga aka fara suka tsaya na kusan shekaru biyu, saboda taƙaddamar ko doka ta halatta cire su daga asusun rarar kuɗin mai.

Magoya bayansa na ganin ya yi daidai da ya ƙi zuba kuɗi a rijiyar da ba a san zurfinta ba. Amma injunan da aka sayo sun yi ta zama a tashoshin jiragen ruwa, kuma alkawarin samar da megawat 6,000 kafin ƙarshen 2009 bai cika ba. Dokar ta-ɓacin da ya ce zai kafa a fannin ma ba a taɓa kafa ta ba. Ƙasa mai mutane miliyan 140, bisa ƙidayar 2006, ta ci gaba da raba wutar da ba ta kai megawat 4,000 ba.

Wani abu da ba a cika tunawa da shi ba shi ne, a 2009 ne aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, wato NAPTIN, domin cike giɓin ƙwararru da ya samu bayan shekarun da hukumar NEPA ta yi ba ta horar da sababbin hannu yadda ya kamata.

Masu ƙasa da masu haƙa

Inda ya fi barin tarihi shi ne Neja Delta.

Rikicin ya girme shi a siyasa. Tun 1956 aka gano mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu. A lokacin samun 'yancin kai, yankin da aka samo ma'adini na karɓar rabin kuɗin da ya kawo. Gwamnatocin soja suka yi ta zaftare kason, har ya koma kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a shekarun 1980, kafin tsarin mulkin 1999 ya mai da shi kashi 13. Dokar mallakar filaye ta 1978 kuwa ta danƙa dukkan ƙasa a hannun gwamnoni, ma'adinan da ke ƙarƙashinta kuma na gwamnatin tarayya ne.

Ma'anar wannan ga masunci ɗan Ijaw ko manomi ɗan Ogoni ita ce, za a iya shimfiɗa bututu a gonar kakanninsa, malalar mai ta kashe masa kifi, harshen wutar iskar gas ya hana shi barci, kuma ba shi da ta cewa. Ken Saro-Wiwa ya yi fafutukar wannan batu ba tare da makami ba, aka rataye shi da wasu mutum takwas a watan Nuwambar 1995. Waɗanda suka biyo bayansa da shekaru goma da bindiga suka zo.

Lokacin da 'Yar'aduwa ya hau mulki, ƙungiyar MEND da sauran tsagerun yankin na fasa bututai suna sace ma'aikatan kamfanoni. A watan Yunin 2008 sun kai hari rijiyar Bonga ta kamfanin Shell, mai nisan kilomita 120 a cikin teku, wurin da ake zaton hannunsu ba zai kai ba. Yawan gangar ɗanyen man da ƙasar ke haƙowa ya faɗi ƙasa da miliyan biyu a rana, har Angola ta sha gaban Nijeriya na wani lokaci.

Matakansa na farko na siyasa ne. A watan Yunin 2008 ya sanar da cewa za a miƙa rijiyoyin ƙasar Ogoni ga wani kamfanin daban, tun da amana ta riga ta ƙare tsakanin jama'ar da Shell, wanda ya daina haƙa a can tun 1993. A watan Satumba ya ƙirƙiro ma'aikatar kula da yankin Neja Delta, ya kuma naɗa kwamitin da zai tattaro dukkan shawarwarin da aka taɓa bayarwa tun daga rahoton Willink na 1958. Wanda ya ba shugabancin kwamitin shi ne Ledum Mitee, shugaban ƙungiyar Ogoni ta MOSOP, mutumin da aka gurfanar tare da Saro-Wiwa ya tsira. Kwamitin ya ba da shawarar ƙara kason yankin da kuma yi wa masu ɗauke da makamai afuwa.

Ba da lallashi kaɗai ya tafi ba. A watan Mayun 2009 sojoji suka afka wa yankin Gbaramatu na jihar Delta ta sama da ta ruwa, suka tarwatsa sansanin Tompolo. Dubban fararen hula sun tsere cikin daji, ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama kuma sun zargi sojojin da kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk wanda zai ba da tarihin afuwar da ta biyo baya, ya kamata ya ambaci wannan.

Ranar 25 ga watan Yunin 2009 ya yi shelar afuwa ga duk wanda ya miƙa makamansa cikin kwanaki 60, daga 6 ga watan Agusta zuwa 4 ga watan Oktoba. An saki Henry Okah da ake yi wa shari'ar cin amanar ƙasa. Da farko MEND ta yi watsi da tayin, har ta kai hari ma'ajiyar mai ta Atlas Cove a Legas, amma kafin wa'adin ya cika manyan kwamandoji irin su Boyloaf da Ateke Tom da Tompolo sun ajiye makamai. Sama da mutum dubu 20 ne suka yi rajista a zagayen farko, daga baya adadin ya kai dubu 30.

Shirin ya tanadi alawus na naira dubu 65 a wata ga kowane mutum, da kuma horo a kan sana'o'i kamar walda a ƙarƙashin ruwa, da tuƙin jiragen ruwa da na sama, a gida da ƙasashen waje. Manufar ita ce ɗan yankin ya samu aiki a masana'antar da ke ƙofar gidansu. Haƙar mai ta farfaɗo ta haura ganga miliyan biyu a rana.

Akwai wata shawara da ta fi afuwar zurfi, wadda fadarsa ta fito da ita a watan Oktoban 2009, cewa a ba al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu hannun jari na kashi 10 cikin ɗari a ayyukan haɗin gwiwa da kamfanoni. Da ta tabbata, da sun tashi daga masu karɓar diyya sun koma masu mallaka. Ga shugaba ɗan arewa wannan kasada ce, domin ko a babban taron ƙasa na 2005 an tashi baram-baram tsakanin wakilan yankin da ke neman kashi 25 da waɗanda suka tsaya a kan 17.

Shawarar ba ta zama doka ba. Ƙudurin gyaran harkar mai da ya aika majalisa a 2008 ya yi shekaru 13 yana yawo, kuma da Shugaba Buhari ya sanya masa hannu a watan Agustan 2021, abin da al'ummomin suka samu shi ne kashi uku cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfanoni.

Masu suka na cewa afuwar ta sayi zaman lafiya ne kawai, ta azurta kwamandoji, ta bar gurɓataccen ruwa da ƙasa yadda suke. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai na iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30. Hare-hare sun dawo a 2016, satar ɗanyen mai kuma ba ta tsaya ba. Sai dai adalci ne a tuna cewa shirin matakai ne, kuma mai shirin ya kwanta ciwo ana kammala matakin farko.

A arewa kuwa akwai masu tambayar dalilin da ya sa a watan Yulin 2009, wata guda bayan shelar afuwar, aka tunkari rikicin Boko Haram a Bauchi da Maiduguri da ƙarfin soja zalla, har aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda.

Rashin lafiya da rasuwa

A tsakiyar watan Nuwambar 2009 ya gana da tawagar da MEND ta wakilta, cikinsu har da Farfesa Wole Soyinka. Ranar 23 ga watan aka tafi da shi asibiti a Jidda, inda likitansa ya ce yana fama da kumburin fatar da ke lulluɓe da zuciya.

Bai miƙa wa mataimakinsa mulki a rubuce ba, kuma ƙasar ta shiga ruɗanin da bai dace da mutumin da ya yi ta wa'azin bin doka ba. Ranar 9 ga watan Fabrairun 2010 majalisar dokoki ta ayyana Dakta Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa. An dawo da shi Abuja cikin dare ranar 24 ga watan, jama'a ba su sake ganinsa ba.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga watan Mayun 2010 yana da shekaru 58, aka yi jana'izarsa washegari a Katsina, aka binne shi a maƙabartar Ɗan Marna.

Bayansa

Tambayar da ya yi fama da ita a kudu ta iso arewa. A shekarar da ya rasu gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, a 2022 kuma aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Ita kuwa ma'aikatar Neja Delta da ya kafa, an rushe ta a 2024 aka maye gurbinta da ta raya yankuna.

Jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Katsina tana da cibiyar binciken makamashin da ake sabuntawa. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanya hannu da kamfanoni 14 kan gina tashoshin lantarki na hasken rana, ciki har da mai megawat 75 da kamfanin Pan Africa Solar ya tsara ginawa a Kankiya, amma taƙaddama kan farashin wutar ta hana ayyukan tashi. Tashar sola mai wannan girma fili take ci mai faɗin gaske, kuma a ƙasar Kankiya da Kusada, daga Kunduru zuwa Rimaye, fili gonar gero da dawa ce ko kuma burtalin makiyaya. Dokar 1978 da 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin Farfesa Akin Mabogunje a 2009 domin a yi mata gyara, ita ce dai har yanzu ke fayyace abin da manomi zai samu idan aka karɓi gonarsa.